Kason Kogin Larga

Ni dai ban jefa wa harajin kogi ƙuri'a ba. Gara in faɗi wannan tun farko, don a garinmu Halleck babu wanda bai sani ba. Ina da shanu ɗari da 'yan kai da gonar ciyawa a tsallaken Kogin Larga, kuma duk shekara idan takardar harajin gidaje da filaye ta iso, sai in yi kwana biyu ba na kula kowa. Mai sa hannu a ƙasan takardar kuwa ƙanwata ce, Marlys Etchart, ma'ajin gunduma.

Shekararta goma sha ɗaya a kan kujerar, kuma zaɓenta ake yi, ba naɗi ba ne. Ita ke karɓar haraji, ranar goma ga kowane wata ta tura wa kowa kasonsa: makarantu, 'yan kwana-kwana, asibiti, har maƙabarta. A shekarar da nake ba da labari aka ƙara sabon mai kaso, Hukumar Kare Kogin Larga. Shekara uku a jere kogin yana ƙafewa a watan Agusta, ga tsohuwar madatsar da ke raba mana ruwa ta tsattsage, rabin ruwan yana zurarewa cikin yashi. Aka kai maganar akwatin zaɓe a Nuwamban da ya gabata, masu son a yi wa kogi ƙari a kan haraji suka yi rinjaye da ƙyar.

Kason farko ya taru a ƙarshen Fabrairu. Hukumar kogi ta riga ta daidaita da ɗan kwangila: in kuɗi suka shiga kafin tsakiyar Maris, zai gama gyaran madatsa kafin ƙanƙarar duwatsu ta narke kogi ya kawo. In aka wuce haka, sai wata shekara.

A wannan makon ne injiniyan gunduma ya shiga ƙarƙashin gadar Hanya ta Tara, ya fito fuska a murtuke. Ginshiƙi ɗaya ya tsage. Ta kan gadar nake bi in shiga gari, ni da gidaje kusan saba'in da motar makaranta.

Dwight Kessinger, shugaban kwamishinonin gunduma, abokina ne tun muna firamare. Ya same ni a gidan cin abincin Opal.

"Orval, zauna in saya maka kofi."

"Kai ne za ka saya wa mutum kofi? Wa ya rasu?"

Bai yi dariya ba. Ya ce asusun hanyoyi babu abin kirki a ciki, ga kuma kuɗin kogi nan zaune a hannun Marlys, daidai abin da zai tallafe gadar.

"Ba ci za mu yi ba," in ji shi. "Aro ne. Ta riƙe su kawai, da kaka mu mayar."

"To ka gaya mata mana."

"Na gaya mata. Ta kalle ni kamar ƙodarta na roƙa. Kai ne babba, je ka yi mata magana."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na bi ta gida. Ta dafa naman rago da wake irin na mahaifiyarmu. Ko zama ban gama yi ba ta ce, "Yaya, in Dwight ne ya aiko ka, ci abincinka tukuna, don kar ka tashi da yunwa."

Na ci, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ta saurare ni har ƙarshe tana goge tukunya.

"Kuɗin ba nawa ba ne, ba kuma na Dwight ba ne," ta ce. "Mutane sun bi layi cikin sanyi sun ce na kogi ne."

"Ni ban ce ba."

"Kai ai kayar da kai aka yi. Haƙuri za ka yi."

"Marlys, yara na bin gadar nan safe da yamma."

"To a rufe ta gobe. Shekara huɗu injiniya yana rubuta wa su Dwight a kan wannan ginshiƙi, suka ɗauki kuɗin gyaran suka yi wa filin wasan shanu sabon rufi. In na ara musu bana, me zai hana su dawowa baɗi? Kogi ba ya zuwa taro ya ɗaga murya, shi ya sa kowa ya raina shi."

Na ce taurin kanta irin na Baba ne. Ta ce ta gode. Na ɗauki hulata na fita, ko sallama ban yi ba.

Ranar tara ga Maris kwamishinonin uku suka kira taro. Zauren ya cika, yawanci mu 'yan tsallake. Cikin minti goma suka amince da takarda mai umartar ma'aji ta dakatar da kason kogi har sai abin da hali ya yi. Dwight ya miƙa mata takardar. Ta sa tabarau ta karanta a tsaye, ta ninke, ta mayar masa.

"Shugaba, ku kawo mini takardar alƙali in riƙe. Taku ba ta fi dokar jiha ba."

"Madam Ma'aji, kar ki manta kasafin ofishinki a hannunmu yake."

"Ban manta ba. Kujerar ce ba a hannunku take ba."

Wata maƙwabciyata, Darla Voss, mai 'ya'ya uku a motar makaranta, ta miƙe. Ta ce in wani abu ya sami yaranta, laifin Marlys ne. Na ga wuyan ƙanwata ya yi ja, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Darla, da ni ce ke, ba zan bar su su sake hawa gadar nan ba ko sau ɗaya. Ga masu ikon rufe ta nan zaune, ki tambaye su me suke jira." Ta juya ta fuskanci jama'a. "Gobe da ƙarfe tara zan tura kuɗin kogi. Ƙofata a buɗe take, duk mai son kallo ya zo."

Washegari na je. Har yau ban san ko hana ta na je yi ba ko tsaya mata. Mutane shida na tarar a ofishin, Dwight yana jingine a bakin ƙofa. Ta tura na makarantu, ta tura na asibiti, bi da bi kamar kowane wata, tana kiran sunan kowane a fili. Da ta zo kan na kogi ba ta ko ɗaga kai ba. Ta danna kwamfuta, ta buga rasit, ta sa hannu.

"Akwai wani abu kuma, Shugaba?"

Dwight ya juya ya tafi. Da azahar aka sa shinge a bakin gada.

Ba su ƙyale ta ba. A zaman da ya biyo baya suka sallami ɗaya daga cikin ma'aikatanta biyu, suka ce za a yi wa ofishinta fenti, suka mayar da ita ɗakin ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gini. Fentin bai taɓa zuwa ba. Ta rubuta "Ma'aji" a kwali ta manna a matattakala, ta ci gaba da aiki.

Mu kuma muka shiga zagayen mil ashirin ta gadar kudu. Yara suna tashi tun duhu bai washe ba. Saniyata ɗaya ta mutu wajen haihuwa kafin likitan dabbobi ya zagayo. Ban yi wa Marlys magana ba har watan Yuni, kuma a coci mutane sun daina zama a bencinta.

An gama madatsa a Afrilu, kwana biyar kafin ruwa ya sauko. A Agusta kogin ya rame, amma bai yanke ba. Ruwa ya kai har gonata ta ƙarshe, na yanki ciyawa sau uku, abin da rabona da shi shekara huɗu. Ban gaya mata ba. Gada kuwa sai Nuwamba aka buɗe ta, bayan gunduma ta sayar da manyan motoci biyu, jiha ta cika sauran.

A wannan Nuwamban wa'adinta ya ƙare, ta sake tsayawa. Dwight ya tsayar da wani mai sayar da inshora. 'Yan tsallake ba su yafe mata wata takwas na zagaye ba, ta faɗi da ƙuri'a sittin da uku. Na kira ta a waya in yi mata jaje, ta ce tana cikin aiki, in ba wani abu ba ne sai anjima. Sabon ma'ajin kuma, da ya zauna da lauyan gunduma aka karanta masa doka, ya ci gaba da tura wa kogi kasonsa.

Mako guda bayan Marlys ta miƙa makullai, ina ba shanu ciyawa sai ga motarta ta shigo gona. A baya akwai katon allo mai sunanta, a ƙasa an rubuta kujerar da take nema. Kujerar Dwight ce.

"Zaɓen nan fa sai nan da shekara biyu," na ce.

"Na sani. Gonarka ce a bakin hanyar da yake bi ya je duba shanunsa. Ina so ya riƙa gani."

"Abokina ne, Marlys."

"To ka kafa masa nasa a ɗaya gefen, in ya kawo."

Ƙasa ta daskare, diga ba ta shiga. Sai da na ɗauko tarakta da abin haƙa rami. Ita ta riƙe allon ina cike ramin, tana cewa ya karkace, in matsa hagu kaɗan.