Gambar Zainaba

Jirgin da ya cinye gonar Zainaba bai fi akori-kura girma ba. Farfela ɗaya gare shi a hanci, kuma ranar da ya ratsa saman Zermu ko inuwarsa ba a gani ba, sai ɗan ƙugi can sama kamar na ƙudan zuma. Hoton gonaki yake ɗaukar wa wani furoje, wato aikin hukuma mai rubuta filaye da sunayen masu su.

Da rani jirgin ya zo, nan aka cuce ta. Iyakarta da maƙwabcinta Nomau layin gamba ne da marigayi mijinta ya dasa, kuma duk kaka takan yanke gambar ƙasa-ƙasa a saƙa mata zana. Saiwar na nan a binne tana jiran ruwa. A hoto kuwa gonakin biyu suka fito shimfiɗa guda, aka rubuta sunan Nomau, munafukin ya ja bakinsa ya yi gum.

Sau huɗu tana zuwa biro, ofishin masu rubuta filayen, hoton nan dai ake tura mata. Ta ce to, da mai jirgin za ta yi. Ta sa hauya ta tone gindin gambar, ta cusa a buhu, ta hau mota sai Damagaram. Kwana biyu tana zaune a ƙofar filin jirgi tana zazzaga masifa, har mai gadi ya gaji ya kirawo mata matuƙin, wani Mahamud.

"Kai ne makahon?"

"Inna, ina wuni."

"Ban wuni ba. Uban me kake nema a sama da ba za ka sauko ka dubi ƙasa ba?"

"Inna, injinsa turbo gare shi, wani abu ne mai ɗura masa iska, don can sama iskar ba ta da kauri. Shi ya sa muke hawa sosai, hoto ɗaya ya kwashe gari guda."

"To cire masa tsiyar, ka yi tafiya kusa da mutane!"

Ta zazzage buhun a gabansa. "Ga iyakata. Ɗauke ta hoto."

Dariyar da ya soma ta tsaya. Ɗan manoman Gaffati ne, ya san abin da yake kallo. Ya tsuguna ya juya saiwa ɗaya.

"Inna, duka kika tono?"

"Kaf. Don kada ku ce ƙarya nake."

"Wayyo Inna. Da damina za mu sake wucewa. Da kin bar su sun tofo, da layin ya fito a hoto ɓaro-ɓaro. Ki koma yau ɗin nan, ki mayar da kowane raminsa."

Ba ta zage shi ba. Ta kwashe kayanta ta kama hanyar gida.

Ta tarar Nomau ya riga ta. Ya sa garmar shanu ya bi wurin ya shafe, babu rami ko ɗaya, ya kuma kafa ƙaya a hanyar shiga. Ta kai ƙara gun mai gari, aka tambaye ta shaida, ta nuna buhu. Aka ce gamba ai ko'ina akwai ta.

Ruwan farko ya sauka, saiwoyin suka tofo cikin buhu a bayan ɗakinta. Ranar da ta sake jin ƙugin nan, ta fito bakin ƙayar da gindi ɗaya, ta ɗaga shi sama da hannu biyu, kore shar. Tana nan tsaye har kafaɗunta suka sage, ƙugin ya yi gabas.