Karen da Ke Jiran Motar Shara

Tun da Goggo Tsai ta ɗauko baƙin karen nan daga gidan ceton dabbobi na birnin Tainan a ƙasar Taiwan, ko kiransa ta yi ba ya ɗaga kai. Amma da motar shara ta shigo layi da kiɗanta, sai ya zabura ya hau kartar ƙofa.

"Kai kuma wa ka sani a shara?" in ji ta.

Ran nan ta ɗaura masa igiya ta bi shi. Maƙwabta na ta jefa ledojinsu na shara cikin motar, shi kuwa ya nufi direban yana kaɗa wutsiya.

Direban ya leƙo. "Baƙi! Ashe kana raye? Lokacin da kake yawo a titi, kullum sai na rage maka shinkafa. Goggo, naki ne?"

Ta dubi wutsiyar nan da ba a taɓa kaɗa mata ba.

"Da haka nake zato," ta ce.