Zabirar Hafizu

Ni Atika ba a san ni da roƙo ba, kowa a Jiratawa shaida ne. Amma saboda ƙanena Hafizu na durƙusa a zaurukan da ko bisa kuskure ban taɓa yi musu sallama ba.

Hafizu wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Da babanmu ya rasu a Tsibiri, shi ya karɓi zabira da gidajen da tsohon ke yi wa aiki. Ka san kowane gida da wanzaminsa: shi ke askin maigida, shi ke askin suna, shi ke ƙaho da kaciya, in kaka ta yi a kai mishi damin hatsi. Sai ciwon ya zo. Ya daina barci, ya riƙa amsa wa mutanen da ba mu gani, wata rana anka tsinto shi a hanyar Maraɗi ba takalmi. Bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, wallahi ko kaza. Munka kai shi asibiti, ɗan baffanmu Idirisa ya riƙe gidajen, wai kafin ya warke.

Da damina ta wuce, Madam Fasuma, wadda ke shugabantar ma'aikatan ɗakinsu, ta kira ni a salula ta ce in zo mu shirya sallamarsa. Na tarar da shi ya yi ƙiba, ya gaishe ni, har ya tambayi ciwon gwiwata.

"Ya samu sauƙi ƙwarai," in ji Madam. "Amma ba ni sakinsa haka nan. Ina zai kwana, wa zai kai shi allurar wata?"

Na ce maigidana ya ba shi ɗakin zaure, asibitin Jiratawa kuwa ga shi nan bayan gidanmu, ba zai tsallake randebun da likita ya sa mishi ba ina raye.

"To aikinsa? Wanda anka zaunar a gida yana kallon bango, dawo mini da shi ake yi. Ki samo mishi gida ko ɗaya ne, sauran za su biyo."

Na ce wannan ai ruwa ne. Ashe ni ce ban san mutane ba.

Na hau kabu-kabu sai Tsibiri. Idirisa ya tarbe ni yana ta sosa ƙeya, wai shi ba ya riƙe wa kowa gida, masu gidajen ne ba su sake shi ba. Kai jama'a! Yaron da Hafizu ya koya wa wasa aska. Na bi gidajen da ƙafata. Wani ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Wani ya ce sai ya yi shawara da iyali, mutumin da bai taɓa shawara da matarsa kan ko gishiri ba. Wata tsohuwa kaɗai ta faɗa mini gaskiya. Ta ce, "'Yar nan, aska ce fa, kuma maƙogwaro ɗaya Allah ya ba kowa." Na sa takalmina na fito.

Saura gida guda, na Alhaji Bilal, babban ɗan kasuwa a Sabon Gari. Asalinsa ɗan Tsibiri ne, kuma tun yana saurayi babu hannun da ya taɓa kansa sai na babanmu, daga baya na Hafizu. Duk juma'a da hantsi ake yi mishi aski. Na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, marayanka ya warke." Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ɗan aminina? Ki kawo mini shi ran juma'a, gidansa ne."

Na koma wa Madam ina rawar jiki, ta ce to ran juma'ar za ta sallame shi. Na je na ƙwato zabira a hannun Idirisa, ban ko tsaya amsa gaisuwar matarsa ba.

Ran juma'a da safe, a bakin ƙofar asibiti, Hafizu ya buɗe zabira ya shafa aska da babban yatsa. Ya ce Idirisa ya kashe mata baki. Nan ya tsuguna gindin iccen bedi ya wasa ta, mai kabu-kabu na ta yi mana tsaki. Rabon da in ji shi yana ɗan waƙe-waƙe a ƙasan maƙoshi tun babanmu na da rai.

Alhaji ya tarbe mu kamar baƙin Makka. Anka shimfiɗa darduma, anka kawo fura mai sanyi, anka ajiye wa Hafizu shadda sabuwa da buhun gero. Hafizu ya yi godiya, ya jawo zabira gabansa, ya ce a kawo ruwa.

"Sha furarka tukuna, ɗana," in ji Alhaji. "Duk juma'a ka riƙa zuwa, rabonka na nan, ba sai ka wahala ba."

Zafi ake, gumi na bin wuyan Alhaji. Ya manta, ya cire hula don ya goge. Kan nan tas, sai sheƙi yake, ga ɗan jan wuri bayan kunne da ko bushewa bai yi ba. Da sassafe anka yi shi, kafin mu iso.

Ya yi maza ya mayar da hular. Na buɗe baki zan faɗi abin da zai raba mu har lahira, Hafizu ya taɓa mini hannu. Ya naɗe zabira a hankali, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji." Ni kuwa kunya da baƙin ciki sunka hana ni ko kallon buhun.

Da munka fito titi ya tsaya.

"Yaya, ki mai da ni asibiti."

"Haba Hafizu, kai da ka warke?"

"Can Madam na ba ni injin aski in yi wa 'yan ɗakinmu. Layi suke yi mini, Yaya. Su ba su tsorona."

Na kira Madam. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce tun kafin mu fita ƙofa anka kwantar da wani a wurinsa, wasu ma a baranda suke kwana. Ta ce in kai shi gida, kar a fasa allura.

Hafizu na kallon bakina. Ya ce, "Me ta ce?"

"Ta ce kai mai lafiya ne, ba su da wurinka."

Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini zabirar. Ya ce, "To riƙe wannan, Yaya. In na shiga Jiratawa da ita yara za su gudu."