Dokin da Na Yi wa Fenti

Tun muna yara komai na Yaya Jatau ya fi nawa, ko kuwa haka idona yake gani. Shi ya ɗauko tsawon Baba, shi ya ɗauko muryarsa, kuma shi ke da tsagar gidanmu a kumatu. Ni ranar sunana ina kwance rai a hannun Allah, Inna ta hana wanzami ya taɓa ni, aka ce sai na warware. Na warware, maganar ta bi ruwa. Haka na tashi a Rawayya da fuska sumul, 'yan uwa suna tsokanata wai baƙon gida, kuma wallahi abin yana yi mini ciwo.

Baba masassaƙi ne, aikinsa turmi da akushi da kujerar mata. Sau ɗaya ya taɓa sassaƙa abin wasa: dawaki biyu na icen ƙirya, babba na Jatau, ƙarami nawa. Ban taɓa yi wa nawa kallon arziki ba, na Jatau nake so. Da faɗanmu ya ishi Inna, sai ta ƙwace duka biyun ta jefa cikin adudunta, muka manta da su.

Sai bayan rasuwarta, a kakar 1998, aka buɗe adudun. Lokacin Baba ya daɗe da rasuwa, Jatau yana noma a gida, ni kuma ina fentin motoci a Gusau. Ga dawakin nan sun yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi da man kaɗanya. Na Jatau lafiya lau, ba sai na faɗa ba. Nawa kuwa kunne ɗaya ya karye, wutsiya babu.

Cikin masu zuwa gaisuwa akwai Alhaji Muktar na Tsafe, wanda ke bin ƙauyuka yana sayen kayan da yana kai wa masu tara su a Ikko. Ya ɗauki dokin Jatau, ya juya shi, har da sansanawa.

"Wanga aikin hannun da na," in ji shi. "Ku kawo min su shagona bayan sati biyu. Babban ga kaɗai shina iya saya maka san noma."

"Nau hwa, Alhaji?" na tambaye shi.

Ya ɗan leƙa shi. "Shi ma ba laihi."

Ba laifi! Kalmar nan ta yi ta ci mini rai tun daga Rawayya har Gusau. Wato ko a itace ma Jatau ne a gaba. Na ce to, shi gado ya yi, ni sana'a gare ni. Mutumin da ke mayar da gwatsattsiyar bas sabuwa dal, ɗan dokin katako ne zai gagare shi?

Kwana huɗu na yi a kansa, na ture aikin mutane gefe. Na wanke shi da kananzir, na bi shi da samfefa har jan itacen ya fito. A kumatunsa na tarar da wasu layuka da dauɗa ta cike, na ɗauka tsufa ne ya tsattsaga shi, na yi ta gurza har suka ɓace. Na yi masa kunne da fotin da muke cike lotsewar mota da shi, na samo izgar doki ta gaske na dasa masa wutsiya. Sannan fenti: jiki fari tas, jan sirdi, linzami ruwan gwal. Direbobi suka yi ta zuwa kallo, ni kuwa ina ta hango fuskar Jatau idan aka taya nawa sama da nasa.

Ranar da aka sa muka haɗu a shagon Alhaji. Jatau ya fito da nasa daga buhun taki, ko ƙurar bai kaɗe ba. Ni na kwance nawa daga sabon tawul, a hankali, don kowa ya gani.

"Ina ƙaramin?" in ji Alhaji.

"Ai ga shi gabanka."

Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tura mini shi da yatsa ɗaya. "Malam Mannir, masu sayen kayan ga tsuhwa suka biya. Baƙin nan da kag goge, shi na kuɗin. Wanga yanzu sai dai ka ba ɗiyanka su yi wasa."

Kunya ta rufe ni, amma haushi ya fi yawa. Na juya ina jiran Jatau ya yi dariya in sauke masa kwandon masifa. Bai yi ba. Ɗaukar dokin ya yi, ya shafa kumatunsa da babban yatsa, wannan gefen, sannan wancan.

"Mannir, ina tsagar?"

"Wace tsaga?"

"Tsagarmu. Ba ka sani ba?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na riƙe ma Baba shi sa'ad da yay yi ta da aska. Yac ce tunda ba a yi maka a huska ba, shi za shi yi ma dokinka, don ka san kai ɗan gidan ga na. Nir roƙe shi shi yi ma nau, yaƙ ƙiya. Kishin abin ga yas sa nik karya mishi kunne."

Ya miƙo mini babban dokin. Na duba kumatunsa, babu komai a kai.

Jatau ya sayar da nasa a ranar, kafin sati ya zagayo ya sayi sa na noma. Karo na farko ke nan da abin Jatau bai tsone mini ido ba. Ni gareji na koma, na zauna da reza na kankare fentin kaf, ina fatan ko layi ɗaya ya tsira. Na kai shi rana, na juya shi ta kowane gefe, na shafa da yatsa yadda Jatau ya yi. Aikina ba ya da ha'inci, kowa ya shaide ni a kan haka. Kumatun sumul suke, irin nawa.