Kafin Ruwa Ya Tafasa

Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a ofishin tallafa wa masu bincike na jami'armu, ɗaki na ƙarshe a hawa na biyu, kusa da famfon da ba ya rabuwa da yoyo. Aikina ba shi da wuyar faɗi. In wata gidauniya ta yi shelar za ta ba da tallafin bincike, ni ke liƙa sanarwa, ni ke bin malamai ofis-ofis, in tattara takardunsu, in duba, in buga hatimi, in tura. In sun samu, su ne masu ƙwaƙwalwa. In sun rasa, ofishinmu ne bai iya aiki ba. Na saba.

Malaman jami'a mutanen kirki ne, amma Allah ya jarrabe su da ciwo guda. Ka tambaye su hanyar kasuwa, sai su faro maka daga tarihin wanda ya fara kasa tumatir a cikinta. Su kuwa masu ba da tallafi, takarda ɗari huɗu ce jibge a gabansu, wanda bai faɗi abin da ya kawo shi a shafin farko ba ya sha ƙasa. Shi ya sa na ƙirƙiro tawa dabarar. Ina da butar lantarki a kan kabad, in aka cika ta, minti uku da 'yan kai take yi ta kashe kanta da ƙas. Duk wanda ya kawo takarda, sai in kife ta a kan tebur, in kunna buta, in ce ya gaya mini da baki abin da zai yi da wanda zai amfana, kafin ruwa ya tafasa. In na gane, mu sha shayi in buga hatimi. In ban gane ba, ya sha shayinsa ya koma ya sake rubutu. Daga nan suka laƙaba mini Uwar Buta. Farfesoshi da yawa sun yi gumi a kan kujerar nan, kuma ba su mutu ba.

Mutum ɗaya ne ban taɓa kunna wa buta ba, shi ne Malam Ƙwaro.

Sunan ya samo shi ne daga aikinsa, don tun kafin in zo jami'ar yake bin diddigin ƙwarin nan da ke huda wake a ajiya. Yana da wani ɗan ɗaki a ƙasa, bayan ɗakin gwaje-gwaje, kantoci har rufi cike da kwalabe, kowace da wake a ciki da 'yar takarda mai kwanan wata da rubutun hannunsa. A makona na farko a aiki na kifar da tawadar hatimi a kan wasiƙar shugaban jami'a, ina tsaye ina kuka, shi ne ya shigo ya ce, "Ƙanwata, share hawayenki, tawada ce ba jini ba." Ya zauna ya sake buga mini wasiƙar da yatsa biyu. To ku gaya mini, da wane ido zan kalli wannan furfura in ce ta yi mini hadda a gaban buta? Sau shida yana neman tallafi, sau shida ina karɓar takardarsa da hannu biyu, in buga hatimi, in ce Allah ya ba da sa'a. Sau shida ana mayar masa da haƙuri. Yakan ninke wasiƙar ya sa a aljihu, ya ce wani jinkirin alheri ne, ya sauka wajen kwalabensa.

Sai bana shugaban tsangaya ya fitar da takarda: duk ɗakin binciken da ba shi da tallafi zuwa ƙarshen zango za a karɓe shi. An ma riga an auna na Malam da igiya, za a mayar da shi wurin ajiye kujeru. Kwalaben kuwa, ba wanda ya faɗi inda za su, amma kowa ya san inda kwandon shara yake. Dama ɗaya ta rage, wata gidauniya da za ta rufe karɓar takardu ranar Alhamis ƙarfe huɗu.

Ranar Litinin ya kawo mini shafi arba'in. Wannan karon ban buga hatimi ba. Na rufe ƙofa lokacin cin abinci na karanta, abin da ban taɓa yi wa takardarsa ba. Shafi talatin duk aikin wasu ne: wane ya ce, wance ta gano, su wane sun yi saɓani. Sai a shafi na talatin da ɗaya, can ƙasa, a cikin jimla mai tsawon igiyar shanya, na tsinci abin da shi kansa ya gano, ya lulluɓe shi da "mai yiwuwa" har sau uku. Raina ya ɓaci, kuma na san da kaina nake fushi.

Washegari da ya shigo na kife takardar, na miƙe na cika buta. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ƙanwata, yau ni ma?"

"Kai ma, Malam. Ka yafe mini."

"To, Allah ya kawo mu. Kunna."

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya. "Kamar yadda masana da dama suka yi nuni tun shekaru masu yawa, matsalar asarar amfanin gona bayan girbi ta kasu kashi huɗu." Yana cikin kashi na biyu buta ta ce ƙas. Na zubar da ruwan a bokiti, na sake cikawa. Karo na biyu ya kai kashi na uku. Na sake zubarwa.

"Wannan butar taki gaggawa gare ta," in ji shi, yana goge goshi.

"Masu karanta takardarka sun fi ta gaggawa. Malam, ajiye masana su huta. Ni dai tambaya ɗaya nake da ita. Duk duniya da abin bincike, me ya haɗa ka da wake? Me ya yi maka?"

Na kunna. Ya ƙura wa butar ido har ruwa ya fara ƙara, na ce a raina wannan ma ta wuce. Can ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ina da shekara goma sha ɗaya aka ɗauke ni makarantar gaba. Mahaifiyata ta ajiye buhun wake guda, tana jiran ya yi daraja ta sayar ta ɗinka mini kayan makaranta. Ranar da ta kwance bakin buhun ina tsaye a kanta. Ta zura hannu, ta fito da gari da ƙwari. Sai ta yi dariya, ta zauna a ƙasa, dariyar ta koma kuka. Ban tafi makaranta ba sai da shekara ta zagayo." Ya mayar da tabarau. "Akwai ɓawon wani ɗan itace da ake zubarwa a kowace kasuwa. Na shanya shi na daka, na cakuɗa cokali biyu a kwanon wake. Kwalabe sittin, wata tara, babu huda ko ɗaya. Ina so in gwada shi a ɗakunan mata ɗari biyu, don kada wata uwa ta sake kwance buhu ta tarar da gari."

Ƙas.

Ban san lokacin da na ɗauki biro ba, amma na rubuta duk abin da ya faɗa a bayan ambulan. Idona ya cika, na wayance da neman kofi.

"Malam, don girman Allah, me ya hana ka rubuta haka tun shekara shida da suka wuce?"

"Haba, ƙanwata. Ai ba a rubuta uwa a takardar ilimi. Kuma abin da ba a buga a mujalla ba, ba a ɗaga murya da shi."

"To yau za a ɗaga."

Ranar Laraba muka wuni muna yanka. Kowane shafi na cire sai ya yi tsaki kamar ina cire masa haƙori. Ya roƙe ni in bar masa "mai yiwuwa" ko guda ɗaya, na bar masa, don gaskiya ce, ba a gwada a gidaje ba tukuna. Shafi arba'in suka koma goma sha biyu, maganar buhu a layin farko.

Ranar Alhamis da hantsi na zauna gaban kwamfuta ina cike fom ɗin gidauniyar, yana gefena yana karanto mini amsoshi. Suna, muƙami, sashe, duk lafiya. Sai muka iso wani ɗan akwati: shekarun da suka rage wa jagoran bincike kafin ritaya. Ya ce biyu. Na rubuta biyu. Akwatin ya yi ja. A ƙasansa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa aikin na shekara uku ne, dole jagora ya kasance yana da shekara uku cif a gabansa.

Na buga wa gidauniyar waya. Wata mata mai sanyin murya ta ba ni haƙuri sau uku, ta ce doka ce, ba ta da yadda za ta yi. Na ajiye wayar na kasa kallonsa. Da bara ne, da ya cancanta. Da bara waccan ne, har da rara. Takardar da muka gyara cikin kwana biyu, ba abin da ya hana a gyara ta tun wancan lokaci sai kunyata.

Shi kuwa ya daɗe yana kallon jan akwatin. Sannan ya ce, "Kira mini ƙaramar dakta."

Ƙaramar dakta ɗalibarsa ce a da, yanzu malama ce a sashensu, ita ke taya shi ƙirga ƙwari a ɗakin kwalabe. Ta shigo da alli a hannun rigarta, daga aji aka fito da ita. Da ya gaya mata za a sa sunanta a matsayin jagora, shi kuma a mayar da shi layin masu ba da shawara, sai ta ja da baya har ta bugi kabad.

"Wallahi Baba ba zan iya ba. Aikinka ne na shekara ashirin. Mutane su ce me?"

"Su ce abin da suka ga dama. Ƙwaro ya taɓa tambayar sunan mai buhu kafin ya shiga?"

"Baba, ni kwalabe kawai nake wankewa."

"Ƙarya kike, 'yata, rabin lissafin naki ne. Kuma ke za ki shiga gidajen nan ɗari biyu, ni gwiwata ta gama aiki. Zauna ki ba ta lambar katinki, lokaci na tafiya."

Ta zauna tana share ido da gefen mayafi. Na goge sunansa daga layin farko. Harafi goma sha ɗaya ne, na danna maɓallin gogewa sau goma sha ɗaya, kowace dannawa ina jin ta a ƙirjina. Ƙarfe uku da minti ashirin takarda ta tafi.

Da ƙaramar dakta ta fita na ce, "Malam, laifina ne. Da na kunna maka butar nan tun farko, da sunanka ne a sama."

"Girmama ni kika yi."

"Girmamawar da ta ci maka shekara shida."

Ya yi murmushi, ya ɗauki jakarsa. "To daga yau ki rage girmama mutane, ƙanwata. Kin ga ba ta da amfani."

Bayan mako goma, saura kwana tara zango ya ƙare, wasiƙa ta iso ofishina, don ta nan duk irinsu ke biyowa. An ba da tallafin. Shugaban tsangaya, wanda ya aika a auna ɗakin da igiya, shi ya fara saukowa yana washe baki, yana cewa dama ya san yarinyar nan za ta fitar da su kunya. Aka liƙa hotonta a allon sanarwa. Kujeru aka nema musu wani wuri. Ita kuwa duk wanda ya taya ta murna sai ta ce aikin Baba ne, amma mutane sun ɗauka tawali'u ne kawai.

Sai da la'asar, bayan hayaniya ta lafa, na ji takunsa a matakala, a hankali saboda gwiwa. Ya yi sallama ya zauna a kujerar nan.

"Ko zan iya ganin wasiƙar?"

Na miƙa masa. Ya sa tabarau. Ya wuce sunan da ke sama bai tsaya ba. A shafi na biyu akwai bayanin alƙalan da suka tantance, sun ce cikin takardu ɗari huɗu da wani abu, wannan ce ta faɗi abin da take so tun a layin farko, har suka kwafo jimlar kamar yadda take: don kada wata uwa ta sake kwance buhu ta tarar da gari.

Ya ɗora yatsa a kan layin, ya bi shi daga farko har ƙarshe, ya sake dawowa.

"Wannan tawa ce," ya ce a hankali.

"Taka ce, Malam."

"Ki yi mini kwafi ɗaya. Wannan shafin kawai, na farkon ki bar wa mai shi."

Na yi masa. Ya ninke shi huɗu, yadda yake ninke wasiƙun haƙuri, ya sa a aljihun gaba, ya dafe wurin da tafin hannu.

"Ashe ana rubuta uwa," in ji shi.

Na tashi na kunna buta. Da ruwan ya tafasa, na haɗa mana shayi kofi biyu.