Safar Aro

…kuma sabuwa ce fil, har da ƙanshin leda. Safar hannu. Ita Gwaggo mai guga, shekara da shekaru tana cusa zannuwan gadon otal a bakin injin nan da hannu tsirara, sai yau aka tuna tana da yatsu? To madalla. Allah ya ƙaro baƙi.

Baƙuwar tana can farkon layi. Jami'a ce, hukuma ta turo ta duba yadda ake riƙe ma'aikata. Tana bin su ɗaya bayan ɗaya, Heluma na gefenta yana washe haƙora. Heluma! Ɗan garinsu ne fa, ta san uwarsa, ta san shi da majina har leɓe. Yanzu shi ne shugaban aiki, yau kuma shi ne tafinta. Baƙuwa ta yi tambaya da yaren ƙasar nan, shi zai juya. Su amsa, shi zai juya. Ka ce masa wuta, kafin ta fito bakinsa ta zama ruwan sanyi.

Hannun yana zogi. Na dama. Zut… zut… kamar an dasa masa zuciya tasa daban.

Ƙarfen nan da ke hana hannu shiga injin — tun bara suka kwance shi, wai yana rage sauri — ga shi yau ya dawo, an goge shi, yana ƙyalli kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba. Ina kake shekaranjiya, munafuki? Zane ya naɗe, ta kai hannu ta warware, shi ke nan. Ba zafin ne ya fara zuwa ba, ƙaurin ne. Har ta waiga tana neman wanda ya bar abu a wuta.

Asibiti? Heluma ya tare ta: "Haba Gwaggo, kin fi ni sani. Likita ya gani, a ce ba ki iya aiki. Ba aiki, ba takardar zama. Ga man shafawa." Ta zage shi tas, ta haɗa har da kakansa mai satar awaki. Sannan ta karɓi man. Ta karɓa mana. Takardar zamanta sunan mai gidan wankin nan ne a kai. Ya saki igiya, sai jirgi.

Baƙuwa ta wuce mai ninki. Ta wuce mai tura amalanke. Kowa "lafiya lau", kowa "muna godiya". Garken tumaki… Ita ɗin fa? Ita da ake tsoron bakinta har a ɗakin kwana, inda suke jere kan katifu kamar itacen girki?

Baki ba zai yi ba, Heluma ya tsare ƙofarsa. Amma hannu ba ya neman tafinta. Abin yi kawai, ta zare safar. Ta ɗaga. Ko makaho ya ji wari.

Sai kuma me?

Sai baƙuwa ta ɓata rai, ta ce a buɗe mata ko'ina. Ko'ina — har ɗakin baya, na zannuwa masu datti, wanda aka datse da kwaɗo tun da safe. Auta na ciki. Ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, ita da sauran marasa takarda, an tura su kamar kayan wanki, ku yi shiru sai an tafi. Auta da ƙirjinta mai kukan kyanwa, cikin warin bilic na wanki, ba taga…

Inna a bakin mota, ranar da ta je gida ɗauko Auta, ta riƙe mata gefen zane. Ba ta yi kuka ba, gara ma ta yi. "Ke ce babba. Amana ce." Auta ta bar yara biyu a ɗakin Inna, ƙaramin ko yaye bai gama mantawa ba. Wa ya ce ta zo? Wa ya yi ta cika baki a waya, aiki na nan kamar ƙasa, ki taho kawai? Wa?

In ta yi shiru, Auta ta tsira. Ta tsira zuwa ina? Gobe ƙarfen ya koma sito, jibi a ce Auta ta tsaya a injin tunda hannun Gwaggo ya lalace. Auta da ke gyangyaɗi a tsaye.

Ta yi magana, a kwashe su. Ta yi shiru, injin ya ci gaba da cin su da ɗai-ɗai. Wane ɗan iska ne ya tsara wannan zaɓi?

Tari ne wancan? Daga ɗakin baya? A'a, famfo ne. Famfo ne, in Allah ya so.

Wani ɗumi yana bin tafin hannunta. Bororon ya fashe. Safar ta manne da naman, tana jin yadda ta kama, yatsa bayan yatsa… Ga kwalin can ƙarƙashin tebur, buɗe, yana jira. Aro ce. Duk zuwan baƙi haka ake yi: motarsu na fita, Heluma zai bi layi, kowa ya zare ya jefa, a rufe sai wani zuwan. Ba ya barin ko ɗaya. Zai tsaya a kanta. "Gwaggo, a taimaka."

To ashe…

Ashe yau safar nan sai ta fita, da fatar da komai. Ko ta so ko ta ƙi. Abin da ya rage mata kawai shi ne a gaban wa.

Baƙuwa ta iso. Yarinya ce ma, idonta duk gajiya. Tana murmushi, tana faɗin wani abu, ta miƙo hannu a gaisa. Na dama take nema.

"Ki ce lafiya lau, Gwaggo," in ji Heluma, haƙora a waje, murya ƙasa-ƙasa.

Yatsun hagunta sun riga sun kama bakin safar. Yaushe suka je can? Ba ta ja ba. Ba ta saki ba. Hannun baƙuwa na nan a miƙe, a ɗakin baya kuma shiru — shirun ya yi yawa — ita dai ta gaji, wallahi ta gaji…