Warin Safar Hannu

…kuma ba cewa na yi sai sun gaishe ni ba, Rudy, kar ma ka fara. Na san abin da za ka ce da kana raye, maigidana. Marlene, jirgin ƙasa ne, ba gidan biki ba. Na sani. Amma a ce mutum ya taka ka da ƙaton takalmin sanyi, ko ɗago kai ba zai yi ba? Ko “yi haƙuri” ta fatar baki? Ga shi can ya samu kujera, ya toshe kunnuwansa biyu da fararen abubuwan nan na jin kiɗa, yana yi wa waya murmushi. Wayar ta fi ni sa'a.

Ni ina tsaye. Na saƙala gwiwar hannun hagu a jikin ƙarfe, tunda tsintsiyar hannun har yanzu a ɗaure take. Asabar, rana tsaka, jirgi cike kamar ana rabon wani abu a cikin gari.

Corinne tana jirana a tasha ta ƙarshe, Forest Park. 'Yarka. Yau taka ce, don taurin kan nan ba a wajena ta ɗauko shi ba — to, a wajena ta ɗauko. Tana cikin mota, na san ko kashe ta ba ta yi ba, kuma yau take son amsa. In saki ɗakinmu na unguwar Logan Square in koma wanda ta gyara mini a ƙasan gidanta, can bayan gari inda ko burodi sai an shiga mota. Ta sa labule mai furanni, Rudy. Ni da labule mai furanni.

“Mama, garin nan ba mai ɗaga ki. Kin gani da idonki.”

Na gani. Ai ni ce na faɗi, ba labari aka ba ni ba. Gaban wurin jiran bas, da safe, ƙanƙara ta daskare a ƙasa ban lura ba — sai ga ni ina kallon sama. Daga nan sai ƙafafu. Ban taɓa sanin mutanen Chicago suna da takalma masu kyau haka ba. Suna zuwa, suna rabuwa biyu, suna haɗewa a bayana, yadda ake kauce wa kwata. Jakata ta buɗe, lemo yana gangarawa titi. Na ji kunya, na ji tsoro, sannan na ji wani baƙin ciki da ko ranar da aka binne ka ban ji irinsa ba, Allah ya yafe mini. Da kaina na ja jiki na kama ƙafar benci.

Tashar Clark da Lake. Ƙofa ta buɗe, rabin jirgi ya zube, wani rabin ya shigo. Kowa kafaɗa a gaba, ido a ƙasa. Wata ta buge ni da jaka… bari kawai.

Mene ne wancan?

Safar hannu. Wari ɗaya, ja, a ƙasa dab da ƙofa, har an taka ta sau… an dai taka ta. Bari in — wayyo bayana. Na ɗauka. Saƙar hannu ce, ba ta kanti ba. Babban yatsan ya taɓa hujewa an ɗinke shi da wani zare ruwan goro. Wani ya zauna ya ɗinke wannan. Ba a ɗinke abin da ba a so.

Af. Hannuna yana sama.

Yaushe na ɗaga? Ban yi shawara ba, wallahi, shi ya tafi da kansa. Hannun dama cak a saman kaina, safa tana reto. To me kuma ake yi? Haka ake yi. Ka tsinci abu a cikin taro, ka ɗaga shi sama, ba ka saukewa sai mai shi ya zo. Kowa ya san—

Kowa wa?

Tsohon gidan rawan nan na arewacin gari, wanda yanzu suka mayar wurin motsa jiki. Ƙasa tana kama takalmi saboda giyar da aka zubar, gumi yana ɗiga daga silin, gumin mutane ne ya hau ya dawo. Jita ta yi kururuwa ɗaya, ganga ta faɗo a ƙirji, ba a kunne ba, a ƙirji — sai tsakiyar fili ta buɗe. Rami muke ce masa. Mu faɗa ciki muna ture juna, kafaɗa da kafaɗa, kamar awaki an buɗe musu ƙofa. Mamata ta ce kiɗan rok haukar da aka biya kuɗin shiga ce. Ba ta yi ƙarya ba. Amma haukar tana da doka, kuma ba wanda ya taɓa karanta mana ita. Wanda ya faɗi a ɗaga shi. Abin da ya faɗi a ɗaga shi.

Takalmina na hagu ya tafi a waƙa ta biyu. Ina ɗingishi da safa jiƙe sharkaf, na haƙura da shi, sai na hango shi yana yawo a sama da kawunan mutane. A ƙarƙashinsa wani siririn yaro mai zanko kamar zakara, ana wurgi da shi gabas da yamma amma hannun nan bai sauka ba. Waƙa ta ƙare, wata ta fara, bai sauka ba. Kai ne yaron nan, Rudy.

“Naki ne? Wannan takalmi ne ko kwale-kwale?”

“Ba ni abina, mai kan tsintsiya.”

Ka ce hannunka ya mutu, sai na saya maka abin sha kafin ya farfaɗo. Maƙaryaci. Shekara talatin da wani abu kana karɓar ladan hannun nan.

“Ta waye?”

Ni na yi magana? Ni ce. Muryar ta fito 'yar ƙarama, kamar ta wata. Bari in ƙara… Ta waye wannan? Safar hannu, ja?

Ƙarar ƙarfe kawai, da kukan nan na kunnena na hagu wanda bai daina ba tun daren da na tsaya jikin lasifika don in burge ka. Matar da ke kusa da ni ta matsa. Ba da yawa ba, tako ɗaya, cikin ladabi. Wani mai kwat ya mayar da jakarsa ɗaya gefen. Na gane. Na gane sarai, ai ni ma 'yar garin nan ce. Tsohuwa mai furfura a tsaye, hannu a sama, tana magana ita kaɗai — ko wa'azi za ta fara, ko roƙo, ko ta zare. Dokar yanzu ke nan, kar ka haɗa ido.

Sauke hannun, Marlene. Ki rataye safar a jikin ƙarfe ki kama gabanki.

A'a.

To ga abin da za a yi, Rudy, kai ne shaida. In mutum ɗaya — ba sai mai safar ba, kowa ma — ya dube ni ya ce uffan kafin Forest Park, ba inda za ni. In gaya wa Corinne ta ba kare ɗakin. In kuwa babu… Shirme ne, na sani. Mace da jikoki tana caca da safar wani. Amma da me zan auna? Ta kawo hujjarta, ta nuna mini tsintsiyar hannuna. Ni me zan nuna mata?

A rami ban taɓa kaiwa ƙasa ba. Ka tuna? Kafin gwiwa ta taɓa, hannaye sun shiga hammata, huɗu, shida, ba ka san na waye ba. Wani ƙato mai karyayyen haƙori ya tsayar da ni, ya kama fuskata da tafukansa masu warin taba, yana ihu a kunnena, “Lafiya, 'yar'uwa? To koma.” Ya tura ni ciki. Ban san sunansa ba, ban sake ganinsa ba, in yana raye yanzu yana shan maganin hawan jini kamar ni. Amma na fi sanin hannun mutumin nan da fuskar wanda ke zaune a ɗakin da ke kallon nawa.

Ko ni ce nake shafa wa abin mai? Ka ce in faɗi gaskiya. To, an fasa maka hanci a wurin. An sace mini riga. Akwai hannayen da ba ɗagawa suka zo yi ba, sai da na koyi sa gwiwar hannu. Ba waliyyai ba ne mu, mashaya ne marasa aikin yi. Amma mun taɓa juna. Abin da nake nufi ke nan, ko ba shi ba? Ka fito waje cikin sanyi, tururi yana tashi daga kanka, wanda ba ka sani ba ya miƙo maka rabin burodi da naman sosej, ya ce ci, kin yi fari fat. Ka ci. Ba ka tambayi ko ya wanke hannu ba.

Kafaɗata ta fara zafi.

Mun fito daga ƙarƙashin ƙasa. Haske. Jirgi a tsakiyar babbar hanya, motoci dama da hagu, kowace da mutum ɗaya a ciki, gilas a rufe. Can Corinne take so in koma, cikin gilas. In zauna ina kallon ciyawa. Ta ce akwai ƙungiyar tsofaffi masu wasan kati ranar Laraba, za ki yi ƙawaye, Mama. Ba ƙawaye nake nema ba. Ina da ƙawaye, rabinsu a maƙabarta. Baƙi nake nema. Wa zai gane wannan? Mutumin da ba ya bina komai, ba na bin sa komai, ya…

Tsaya. Hannu. Can ƙarshen tarago wani hannu ya tashi. Yarinya ce mai koren gashi, ta ɗaga — tata ce? Rudy, tata ce, duba—

Waya ce. Hoto take ɗaukata.

To. Ɗauki da kyau, 'yar nan. Ɗauko ta gefen dama, ya fi kyau.

Haka suka yi a wasan da Corinne ta kai ni bara, kyautar ranar haihuwa, baiwar Allah ta kashe kuɗinta. Tsofaffin mawaƙanmu, tumbi ya fito, gashi ya tafi. Kujeru masu lamba. Ganga ta faɗo, jikina ya tashi da kansa, sai na ji an taɓa ni ta baya — na juyo da murna, ka ji wauta, na ɗauka za a ture ni. “Baiwar Allah, ko za ki zauna? Kina tare mini hoto.” Na zauna. Na yi kuka a banɗaki, na ce mata hayaƙi ne. Ba a ma shan taba a wurin.

Tashar Cicero. Sun ragu. Ga kujeru har uku babu kowa, in na zauna hannun zai huta a kan… a'a, a tsaye ake yi. Mai safar ta sauka tun tuni, na sani, ba sai ka faɗa ba. Watakila ma fita take yi lokacin da ta yar. Tana can cikin gari hannu ɗaya a aljihu, tana zagin kanta. To wa nake ɗaga wa? Yatsuna sun daina ji. Hannun yana rawa tun daga kafaɗa, kowa yana gani, ba wanda yake gani. Kai har waƙa biyu ka yi, ana dukanka ta ko'ina. Ashe da gaske hannunka ya mutu? Ashe ba ƙarya ka yi ba?

Oak Park. Saura kaɗan. Ku dube ni mana. Kai mai fararen abubuwa a kunne, ke mai jakar kayan miya, ko tsaki ne ku yi. Ku ce tsohuwa kin dame mu. Zan karɓa. Zan ƙirga shi.

Birki — ƙarfen ya zame daga gwiwar hannuna, ƙafata ta — za ni, za ni ƙasa, ga shi kuma—

Hannu. A ƙarƙashin damtsena, ta baya, mai ɗumi, mai ƙarfi.

“Ba komai, lafiyata ƙalau.”

Wa ya faɗi haka? Bakina. Da kaifi, kamar na kama ɓarawo. Har na fizge. Hannun ya janye, a hankali, cikin ladabi, kafin in juyo ya koma cikin sauran hannaye. Na waye? Mai kwat yana kallon taga. Mai kayan miya tana gyara leda. Yarinyar mai koren gashi ta matso kusa, yaushe ta matso, wayarta tana aljihu… ko ita ce? Ba wanda ya dube ni. Ai na ce musu ba komai.

Ba komai, lafiyata ƙalau. Ina na san wannan? Ya fito sumul, kamar wanda aka saba…

Ranar ƙanƙara. Akwai wasu takalma ruwan ƙasa. Sun tsaya, Rudy. Duk sauran suna wucewa, su sun tsaya, ta hagu, ta gefen kunnen da ba ya ji. An sunkuyo? An yi magana? Ina tattara siket, ina jin kunya, ina cewa — me nake cewa?

A rami ba a tambaya. Shi ya sa. Ba a ba ka damar ka ce a'a.

Wannan ya shiga lissafi? An taɓa ni amma ba a ce uffan ba, ni ce na ce. Kai ne shaida, faɗi mana. Ya shiga ko bai shiga ba?

Forest Park. Ƙofa ta buɗe, sanyi ya shigo, suna fita ɗaya bayan ɗaya ta gefena, suna kauce mini da kyau. Corinne tana ƙasa cikin mota, za ta ce yaya hanya, Mama, kin yi tunani? Hannun ya sauko har kunnena, ba ni na sauke shi ba, kuma ya ƙi ƙarasawa. Tarago ya zama wayam. Ni da safar wata.

Ta waye…

Na gaji, Rudy. Riƙe mini kaɗan.